Hayaluronik Asid a Hunturun Zariya: Yadda Ake Shafa Shi Fata Ta Riƙe Ruwa

A watan Disambar bara ƙanwata ta zo gidana a Tudun Wada da wata 'yar kwalba a jaka, ranta a ɓace. Ta yi makonni tana tara kuɗi ta sayi siram ɗin hayaluronik asid, wato ruwan shafa fuska mai ɗan kauri, da ake ta yabo a TikTok da Instagram, ta kwana goma tana shafawa safe da dare. Ta ce, "Yaya, don Allah dubi fuskata. An ce ruwa yake sa wa fata, ni kuwa ji nake kamar an ɗaure min fuska da igiya." Na jawo ta bakin taga na duba. Gefen hancinta ya yi furu-furu, kumatunta na ƙyalli irin na ledar da aka ja, in ta yi murmushi sai ƙananan layuka su fito a ƙasan ido. Na tambaye ta yadda take shafawa. Ta ce takan wanke fuska da sabulu, ta goge da tawul tas, ta jira ta bushe, ta shafa siram, ta yafa mayafi, ta hau Keke Napep zuwa unguwar Kongo. Ba ta ɗora komai a kai.

Kayanta mai kyau ne. Hanyar shafawar ce ta mutanen da ke zaune inda iska ke da laima, irin su Legas da Fatakwal, ita kuwa tana tsakiyar hunturun Zariya. Saboda ita da ire-irenta na zauna rubuta wannan, domin na tabbata a Samaru da Sabon Gari da cikin Birni akwai kwalabe da yawa da aka jefa ƙasan durowa da sunan ba sa aiki.

Ki fara sanin halinsa

Kalmar asid tana tsorata mutane, hankali ya tafi ga ruwan batir. Wannan ba ya ƙuna, ba ya saɓule fata. Wani nau'in sukari ne mai dogon zare wanda jikin ɗan Adam ke yi da kansa. Mutum mai nauyin kilo 70 yana ɗauke da kusan giram 15 nasa, wajen rabi a fata, sauran a ruwan gaɓoɓi da cikin ƙwayar ido da wasu wurare. Kullum jiki na rushe kusan kashi ɗaya cikin uku ya sake gina sabo, kuma yayin da shekaru ke ja, wanda ke fata yana raguwa. A idon saniya aka fara gano shi, a 1934, lokacin da Karl Meyer da John Palmer suka tace shi a Jami'ar Kolombiya da ke Amurka. Da can daga zankon zakara ake samo shi. Yanzu mafi yawan wanda ke cikin kayan shafa ƙwayoyin bakteriya ne ke samar da shi a manyan tankuna, a tace a busar. Na kawo wannan ne don 'yan uwa kan tambaye ni ko akwai abin dabba a ciki.

Aikinsa guda ne: yana kama ruwa ya riƙe. In kin ɗiga shi a yatsa za ki ji yauƙi kamar na ɗanyar kuɓewa, wannan yauƙin kuwa ruwa ne zaren ya rungume. Masu talla na cewa yana ɗaukar ruwa ninki dubu na nauyinsa. Kada lissafinsu ya ɗauke miki hankali, tambayar da ta shafe ki ita ce: a ina zai samo ruwan?

Da damina amsar mai sauƙi ce. A watan Agusta damshin iska a Zariya kan kai kashi 80 cikin 100, shanya ma sai ta wuni ba ta bushe ba. Siram zai samu ruwa a iska, wanda ke fata kuma ba zai yi saurin tashi ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu labari ya juya. Iskar da ke tasowa daga Sahara busasshiya ce ƙayau, da rana damshinta kan sauka ƙasa da kashi 20. A irin wannan yanayi, in kika shafa siram a busasshiyar fuska, ruwan da ya fi kusa da shi shi ne na cikin fatarki. Zai jawo shi sama, iska ta kwashe. Abin da ya sami ƙanwata ke nan. Don haka duk matakan da ke ƙasa suna zagaye da abu biyu: ki ba shi ruwa, sannan ki rufe ruwan.

Wajen saye

Juya kwalin ki karanta jerin sinadarai na baya, kada ki tsaya ga manyan baƙaƙen gaba. Da wuya ki ga sunan yadda muke kiransa. Galibi za ki ga Sodium Hyaluronate, wanda gishirinsa ne, ya fi jure ajiya, aikinsu ɗaya. Wani lokaci ki ga Hydrolyzed Hyaluronic Acid, wato wanda aka daddatsa zarensa ya zama ƙanana. Mai dogon zare yana kwanciya a saman fata ya yi mata shimfiɗa mai laushi, mai gajeren zare yana ɗan nutsawa cikin ɓawon sama. Siram ɗin da ya haɗa biyun ya fi daɗin aiki.

Ana jera sinadarai ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka ruwa ne zai zo farko, kuma daidai ne. Kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ya wadatar. Wanda ya wuce haka sai ya yi kauri kamar koko, ya riƙa murmushewa a fuska. In kin ga an rubuta kashi 100, salon talla ne kawai, domin zallarsa gari ne fari. Ina son in ga Glycerin ko Panthenol a sahun farko na jerin, dukkansu masu jawo ruwa ne kuma suna kwantar da fata. Ina gudun wanda Alcohol Denat ya zo a layin farko, da mai ƙamshin turare mai ƙarfi, musamman ga fatar da ke saurin yin ƙaiƙayi.

Ko a kantin magani kika je, ko shagunan kayan kwalliya na Kasuwar Sabon Gari da PZ, ko wajen masu tallatawa a WhatsApp, ki duba abu huɗu: lambar rajistar NAFDAC, ranar lalacewa, lambar rukunin da aka sarrafa, da hatimin baki wanda ba a ɓalle ba. Sanannun kaya irin The Ordinary da CeraVe da Neutrogena su ne ɓata-gari suka fi kwaikwayo, saboda sunansu ke sayarwa. In farashi ya faɗi ƙasa da rabin na sauran shaguna, ki ajiye, araha ba ta ado. Kwalbar da ta wuni a faranti cikin rana ma ki wuce ta.

Akwai wanda nake roƙon ki guje masa ko kyauta aka ba ki: haɗin da aka ɗura a robar da ba suna ba adireshi, aka ce hayaluronik ne kuma zai sa ki haske cikin mako guda. Hayaluronik ba ya canza launin fata ko kaɗan. Duk wanda ya haskaka ki, wani abu aka zuba a ciki, kuma galibi irin sinadaran bilicin ne masu sirantar da fata.

Gwaji kafin fuska

Ki ɗiga ɗaya a bayan kunne ko cikin dantse, ki bar shi kwana biyu. Da wuya shi kansa sinadarin ya ba da matsala tunda jiki ya san shi, amma turare da abubuwan hana lalacewa da ke tare da shi suna iya tayar da ƙuraje ko ƙaiƙayi. In wurin ya yi lafiya, ki ci gaba.

Wanke fuska

Na san daɗin ruwan zafi da asubar Janairu, lokacin da jaura ke kaɗawa har cikin ƙashi. Amma ruwa mai tururi yana narkar da maiƙon da ke tsare fata, kamar yadda yake wanke maiƙo a kwano. Ki surka shi ya koma ɗumi. Sabulun wanki da sabulun maganin ƙwayoyin cuta ba na fuska ba ne. Sabulun salo ma, duk da ina ƙaunarsa, yana da kaifi, da hunturu sau biyu a mako ya isa. Ki nemi abin wanke fuska marar kumfa da yawa. Ga ma'auni mai sauƙi: in bayan wanki fuska ta ɗaure har kina jin ta in kin buɗe baki, sabulun ya fi ƙarfinta. Mai busasshiyar fata ba ta ma bukatar sabulu da safe, ruwa kawai ya isa, ta bar sabulu sai dare lokacin da ƙurar hanya ta taru.

In ruwan rijiyarku irin wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa ne, ki yi ɗaurayar ƙarshe da ruwan leda guda ɗaya. Bambancin yana bayyana cikin 'yan kwanaki.

Shafawar kanta

Nan ne gaba ɗaya aikin yake, don haka zan bi shi a hankali.

Bayan kin ɗauraye, kada ki goge. Ki sharce ruwan da tafin hannu, ko ki ɗan dafa tawul sau ɗaya ki ɗauke. Fuskar ta kasance da laima yadda in kin taɓa yatsa zai jiƙe, amma ruwa ba ya ɗiga daga haɓa. Da hunturu wannan laimar ba ta kai minti guda, saboda haka kwalbar ta kasance a buɗe kusa da ke tun kafin ki fara wanki. Ƙanwata a ɗaki take ajiye tata, kafin ta fito daga banɗaki ta ratsa tsakar gida fuskar ta riga ta bushe. In hakan ta faru, ki sake jiƙa hannu ki dafa fuska, ko ki ajiye 'yar robar feshi da ruwa mai tsabta, kina sauya ruwan kullum.

Ɗigo biyu zuwa uku a tafin hannu, huɗu in har da wuya. Kada bakin abin ɗigawar ya taɓa fata, domin zai kwashi datti ya mayar cikin kwalba. Ki haɗa tafukan hannu sau ɗaya, sannan ki riƙa dannawa a hankali: kumatu, goshi, haɓa, gefen hanci, wuya. Dannawa, ban da murza. Ƙasan ido ki bi da ɗan yatsan zobe, shi ya fi rashin ƙarfi, ki tsaya a kan ƙashin da ya zagaye idon.

Da farko za ki ji santsi, bayan daƙiƙa ashirin ko talatin ya koma ɗan danƙo. Wannan danƙon shi ne alamarki. Kada ki jira ya bushe ƙarau, nan take ki ɗora man shafawa. Randa ko an cika ta fal, in ba marufi ƙura ta faɗa, ruwa ya ragu. Man nan shi ne marufin.

Wane mai? Ya danganta da fata da lokaci. Mai fuska mai maiƙo ta nemi mai marar nauyi wanda aka rubuta ba ya toshe ƙofofin gashi, kuma kada ta ce tunda fuskarta na naso ba ta bukata. Maiƙo daban, ruwa daban, fuska na iya ƙyalli da mai alhali tana ƙishirwa. Mai busasshiyar fata ta nemi kirim mai kauri, in da seramaid a ciki, wato irin maiƙon da ke tsare fata, ya fi. Man kaɗanya namu na gida marufi ne nagari: ki ɗebi kamar ƙwayar gyaɗa, ki murza a hannu har ya narke, ki dafa a fuska. Wasu yana fito musu da ƙuraje, sai su bar shi ga jiki. Vaseline ya fi kowa tare ruwa, sai dai shi ba ya kawo ruwan, wanda ya tarar yake tsarewa. Shi ya sa wadda ke lafta shi a busasshiyar fata take wuni tana ƙyalli amma fatar na nan da gautsi. A kan siram da kirim, da dare, siririn shafi a wuraren da suka fi bushewa, nan yake nuna amfaninsa.

Da safe abu na ƙarshe shi ne man kariya daga rana mai SPF 30 ko sama, wato lambar ƙarfin kariyarsa. Hazon hunturu yana rage zafin rana a jiki, amma haskenta mai ɓata fata yana ratsowa, kuma shi ke sa tabon ƙuraje ya daɗe bai goge ba a baƙar fata.

Alwala

Mu masu wanke fuska sau biyar ne ko fiye a wuni, kuma bayanan da ke jikin kwalaben nan ba da mu aka rubuta su ba. Hayaluronik yana narkewa a ruwa, alwalar Azahar za ta tafi da mafi yawan abin da kika shafa da safe. Ba sai kin sake siram kowace salla ba, kwalbar ba za ta yi wata ba. Yadda nake yi: siram da mai bayan wankan safe, siram da mai bayan Isha'i. A tsakani, bayan kowace alwala, tun fuska na da laima, sai in shafa ɗan kirim kaɗan daga ƙaramar robar da ke jakata. Laimar alwala kanta ruwa ce da aka ba fata, rufewa kawai take jira. Vaseline da duk mai kauri ina barinsa sai bayan Isha'i, da asuba in wanke shi da ruwan ɗumi kafin in ɗaura alwala, don ruwa ya sami fata ba shamaki.

Yadda ake sauyawa da lokaci

Da hunturu a cika kowane mataki, kuma in da hali a rage kwana ƙarƙashin fanka. Da bazara, Maris da Afrilu, iska na nan a bushe ga zafi ga gumi, sai a koma mai marar nauyi da safe, mai kauri da dare. Da damina siram sau ɗaya a rana da ɗan mai kaɗan ya isa, mai fuska mai maiƙo ma tana iya tsayawa ga siram da man kariya daga rana. Masu aiki a ofis ko banki mai na'urar sanyaya ɗaki su ɗauka kullum hunturu ne a wurinsu, domin na'urar tana tsotse damshin ɗaki.

Haɗa shi da wasu

Ba ya faɗa da kowa. Ana jerawa daga mai ruwa-ruwa zuwa mai kauri. Siram ɗin bitamin C da safe ya riga shi, niyasinamaid (wani nau'in bitamin B na shafawa) kuma ko gaba ko baya. Retinol, wani nau'in bitamin A na shafawa, shi ne ke son kula: a busasshiyar fata ake shafa shi, domin laima na ƙara masa kaifi. Sai ki sa hayaluronik a jiƙaƙƙiyar fuska, ki ɗora kirim, ki jira ya bushe, sannan retinol. Mai juna biyu da mai shayarwa suna iya shafa hayaluronik, amma retinol mai ciki ta ajiye shi gaba ɗaya.

Amaren da ake wa dilka da halawa su ma yana yi musu rana, domin murza da cire gashi suna barin fata a buɗe. A ba ta kwana ɗaya ta huce, sannan a bi da siram marar turare da man kaɗanya.

Jiki kuwa, kada ki ɓarnatar da siram a ƙafa da hannu. Gilisarin (Glycerin) aikinsu ɗaya kuma kuɗinsa kaɗan ne. Ki zuba ɗigo kaɗan a man shafawarki a tafin hannu, ki shafa da fitowarki wanka kafin jiki ya bushe. Faso sai an jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, a goge kaushin da dutse a hankali, a shafa Vaseline, a sa safa a kwana. Leɓe ma haka, a jiƙa, a rufe da mai, a daina lasa. Maigida da samari masu yawo a babur daga Kwangila zuwa Shika cikin ƙura, wannan tsarin nasu ne su ma, musamman bayan aski.

Abin da za ki gani, da abin da ba za ki gani ba

Ƙanwata ta koma shafawa a jiƙe tana rufewa da kirim. Kwana uku ɗaurewar ta saki, cikin mako biyu furu-furun gefen hanci ya tafi, hoda ta daina tsagewa a fuskarta. Iyakar alkawarinsa ke nan: laushi, sulɓi, da ɓacewar ƙananan layukan da ƙishirwar fata ke jawowa. Tamojin tsufa mai zurfi yana nan, tabo yana nan, kuma in kin daina shafawa fata za ta koma yadda take cikin 'yan kwanaki, domin a sama yake aiki.

In yana murmushewa kamar dusa, kin yi yawa ko kin murza, ki rage zuwa ɗigo biyu. In fuska ta ƙara bushewa, laima ko marufi ne ya gaza. In yana yi miki zafi, wataƙila fatar ta riga ta ji rauni daga sabulu ko goge-goge, ki dakata da komai mako guda sai ruwa da kirim.

Kwalbar mililita 30 takan kai wata biyu zuwa uku. Ki ajiye ta a inuwa, nesa da taga, a rufe gam. A jikinta akwai hoton 'yar roba mai buɗaɗɗen murfi da 6M ko 12M, wato watannin da za ta yi bayan an buɗe. In launi ko wari ya sauya, ki zubar. Garin hayaluronik da ake sayarwa don a dama a gida ban ba da shawararsa ba: ruwa ne da sukari babu maganin hana lalacewa, ga zafi, ga wuta ba ta zama balle firji ya riƙe sanyi, cikin kwanaki ƙwayoyin cuta za su mamaye shi.

In kuɗin siram bai samu ba, kada ki damu kanki. Jiƙaƙƙiyar fuska, kirim mai gilisarin, da man kaɗanya za su kai ki ƙarshen hunturu lafiya.

Allura, da lokacin ganin likita

Akwai hayaluronik na allura da ake cika leɓe ko kumatu da shi. Wannan aikin likita ne ƙwararre, kamar yadda likitoci ke amfani da shi a tiyatar yanar ido da allurar gwiwa. In allurar ta shiga jijiyar jini tana iya kashe fatar wurin, tana iya makantarwa. Kada ki yarda a yi miki ita a shagon gyaran jiki ko a ɗakin wata, kome kyan hotunan da aka nuna miki.

Haka nan ba kowace bushewa ce ta hunturu ba. Kyasbi da makero ciwon fata ne masu bukatar magani, siram ba zai taɓa su ba. Ƙaiƙayin da ke hana barci, fatar da ke tsagewa tana ruwa, bushewa tare da yawan ƙishirwa da yawan fitsari, duk na asibiti ne. Wadda ta daɗe tana shafa man bilicin har fatarta ta yi siriri, jijiyoyi suka fito, ko take yin ja da ƙuna in ta daina, ita ma likitan fata za ta gani, domin janye irin waɗannan mayukan yana da tsari. Akwai likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ranar da za ki je, ki zuba duk abin da kike shafawa a leda ki tafi da shi, har robar da ba rubutu a jikinta, likitan zai so ya gani.